Muhawara: Idan aka ba ƙudan 'ya'yan itace antibayotik, me ke faruwa a hanjinsa?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga wata magana da nake so masana su warware mana. Tun 1966 Hagen ya nuna cewa idan aka sa sitireftomaisin a abincin ƙudan zaitun, wato Bactrocera oleae, uwar za ta saka ƙwai lafiya lau, ƙwan ya ƙyanƙyashe, amma tsutsar ba ta girma a cikin ɗanyen zaitun. To tunda an riga an saba fesa ƙoton furotin mai guba a jikin bishiya don ƙuda ya lasa ya mutu, me zai hana a cire gubar a sa antibayotik a madadinta? Ƙudan ya ci, bakteriyar cikinsa ta mutu, 'ya'yansa su lalace. Ina kuskuren wannan lissafi yake?

Dakta Hadiza:
Wa alaikumus salam Malam Nasiru. Rabin lissafinka daidai ne, amma sai an san inda bakteriyar take zaune kafin a gane sauran rabin.

Ƙudan zaitun yana da wata 'yar jaka a cikin kansa, manne da maƙogwaro. A nan bakteriyar take hayayyafa, tana dunƙulewa, dunƙulen suna gangarawa zuwa tsakiyar hanji. Petri ya ga wannan tun 1909, amma sai a 2005 aka raɗa mata suna Candidatus Erwinia dacicola. Kalmar Candidatus ɗin nan tana da muhimmanci ga duk mai son yin gwaji: ma'anarta ba a iya shuka ta a farantin kiwon bakteriya na ɗakin gwaji ba. A wajen saka ƙwai, uwar tana shafa wa ƙwan bakteriyar daga wasu 'yan aljihuna da ke kusa da tsinken da take huda ɗan itace da shi. Tsutsa na fasa ƙwai sai ta haɗiye ta.

Ɗanyen zaitun kuwa cike yake da oliyurofin, sinadarin nan mai ɗaci. Da tsutsa ta fara cin naman zaitun, wani enzayim na bishiyar kan tayar da sinadarin, ya riƙa ɗaure furotin, musamman laisin, ɗaya daga tubalan furotin, yadda tsutsa za ta ci amma jikinta bai samu komai ba. Mai bakteriya takan tsallake wannan tarko, marar ita takan tsaya a ƙaramarta har ta mutu. Ben-Yosef da abokan aikinsa sun nuna wannan a 2015, kuma a cikin aikin akwai abin da mutane ke tsallakewa: a nunannen zaitun, inda oliyurofin ya ragu, tsutsar da ba ta da bakteriyar tana girma. Ke nan ko a kan zaitun ɗin ma, dabarar taka tana da wa'adi.

Dakta Yakubu:
Kuma ƙudan zaitun shi kaɗai ne a layinsa, kada a ɗauke shi a auna sauran. Abinci ɗaya yake ci, bakteriya ɗaya ta mamaye shi. Ɗauki Ceratitis capitata mai lalata lemo, ko Bactrocera dorsalis mai lalata mangwaro, wanda aka fara gani a Afirka a Kenya cikin 2003. Waɗannan kasuwa ce a hanjinsu: Klebsiella, Enterobacter, Citrobacter, Providencia, Pectobacterium, da sauransu. Wasu daga uwa suke, wasu daga ruɓaɓɓen ɗan itace, wasu daga kashin tsuntsu da ƙudan ke lasa a kan ganye. Ka kashe su yau, ƙudan ya sauka a kan mangwaron da ya faɗi gobe, hanji ya sake cika.

Wani abin ma da zai ba ka mamaki, Malam Nasiru: a gwajin da aka yi da Ceratitis, ƙudajen da ake ba sukari zalla sun fi daɗewa a raye da aka sa musu antibayotik. Wato wani lokaci magani kake yi wa ƙwaron.

Malam Nasiru:
Ikon Allah. To wannan kam ban zata ba.

Umar:
Malamaina barkanku. Ni abin da nake buƙata shi ne yadda ake yin gwajin kansa, da adadi. Wane magani, nawa, kwana nawa, kuma yaya mutum zai tabbatar hanjin ya wanku?

Dakta Hadiza:
Umar, fara da cire kalmar "wanku" daga ranka. Antibayotik rage yawa yake yi, ya kuma sauya waɗanda ke da rinjaye. Da wuya ya share hanji tas.

Ga ƙudan 'ya'yan itace baligi, hanya mafi sauƙi ita ce ruwan sukari, kashi 10 zuwa 20 cikin 100, a tace shi ta matata mai ƙofar maikiromita 0.22. Haɗin da aka yi amfani da shi ga Ceratitis shi ne sifurofuloksasin maikirogiram 10 a kowace mililita tare da fiferasilin maikirogiram 200. Ga ƙudan zaitun fiferasilin kaɗai ya isa, wajen maikirogiram 100. Lissafin ba wuya: idan ka haɗa kakkauran ruwan magani mai miligiram 10 a mililita, kana son maikirogiram 100 a kowace mililita a cikin ruwan sukari mililita 50, rabin mililita za ka ɗiba ka cika sauran. Ka rarraba kakkauran ruwan a ƙananan bututu ka daskarar a digiri 20 ƙasa da sifili, kada ka riƙa narkar da guda ɗaya kana mayarwa.

Ka fara ba ƙuda tun ranar da ya fito daga kwanson da ya rikiɗa a ciki, kafin ya ci wani abu. Audugar da ka jiƙa a canja ta kowace rana, ko bayan kwana biyu in ya yi yawa, domin dangin fenisilin, irin su fiferasilin, suna lalacewa cikin ruwa a zafin ɗaki, kuma ruwan na ƙafewa sukari ya yi kauri. Kada a bar wani ruwan sha daban a keji, in ba haka ba ƙudan zai sha can ya bar maka maganinka. Bayan kwana biyar zuwa bakwai sai ka ɗebi samfur.

Wajen dubawa: ka sanyaya ƙudaje goma a kan ƙanƙara, ka tsoma su a etanol kashi 70 na minti ɗaya, ka ɗauraye sau uku da ruwan gishirin PBS da aka dafa. Ɗaurayar ƙarshe ka shafa kaɗan a faranti. In wani abu ya tsiro, wankinka bai yi ba, sakamakonka na fatar ƙuda ne. Ka fiɗe hanjin ƙarƙashin madubin ƙara girma, ka niƙa goman a mililita ɗaya, ka yi tsarma ninki goma-goma, wato maikirolita 100 cikin 900. Ka shafa maikirolita 100 a faranti, ka ajiye a digiri 28 zuwa 30 kwana ɗaya ko biyu, ka ƙirga farantin da ke da ɗigo 30 zuwa 300. Misali ɗigo 150 a tsarma ta huɗu: 150 sau 10 sau 10,000 ya ba ka miliyan 15 a mililita, ka raba goma, miliyan ɗaya da rabi ke nan a kowane hanji.

Amma ka tuna abin da na faɗa a sama. Idan ƙudan zaitun ne, farantinka zai iya fitowa fayau alhali Erwinia dacicola na nan cike da kai. Sai da qPCR, wato gwajin auna yawan DNA na bakteriyar, ko ka fasa 'yar jakar ka ƙirga a ƙarƙashin madubi.

Umar:
Na gode Dakta. Ba zai fi sauƙi in aika a karanta 16S, ƙwayar gadon da ake tantance irin bakteriya da ita, kawai ba?

Dakta Yakubu:
A nan ne ɗalibai da yawa ke faɗawa rami. Karatun 16S kaso yake ba ka, ba adadi ba. A ce kafin magani Klebsiella tana da kashi 80, wata Pseudomonas tana da kashi 1. Magani ya kashe Klebsiella kusan duka, Pseudomonas ba ta ƙaru ko kaɗan ba, amma a jadawalinka za ta fito da kashi 70. Sai ka rubuta cewa antibayotik ya haɓaka ta, alhali ita kaɗai ta rage ne. Dole ka haɗa da qPCR ko ƙirgen faranti. Ban da haka, DNA na matacciyar bakteriya yakan daɗe a hanji ana karanta shi, kuma idan bakteriya ta yi ƙaranci ƙwarai, gurɓatar da ke cikin kayan cirar DNA ɗin kansu ita ke fitowa gaba. Ka sa bututu guda babu hanji a ciki, ka bi da shi duk matakan.

Sai zaɓen magani. Amfisilin shi kaɗai ɓata lokaci ne a kan Klebsiella, domin da juriyarsa aka halicce ta. Bankomaisin ba ya ratsa fatar waje ta bakteriya masu Giram-nagatif, kuma su ne mafi yawa a hanjin waɗannan ƙudaje. Sitireftomaisin yana rauni inda ba iskar oksijin da inda tsami ya yi yawa, abincin tsutsa kuwa da gangan ake tsamantar da shi don kada ya ruɓe. Tetirasaikilin haske na lalata shi, kuma yana kama kalsiyam da magniziyam da ƙarfe, don haka a abinci mai yis da yawa wani kaso na abin da ka zuba ba ya aiki. Rifamfisin ba ya narkewa sosai a ruwa, sai an sa abin narkarwa kamar DMSO ko metanol, to ƙudajen kwatance, wato waɗanda ba a ba magani ba, su ma a ba su wannan adadin na abin narkarwar. In abinci mai agar ne, a bari ya huce zuwa digiri 50 ko 55 kafin a zuba magani.

Wanda ke aiki da Drosophila suzukii mai huda ceri da inibi kuma ya sani cewa babban abokin tafiyarsa yis ne, Hanseniaspora uvarum, kuma antibayotik bai san da yis ba. A can hanya mafi tsabta ita ce wanke ƙwai da bilic har ɓawon waje ya narke, a ɗauraye, a ɗora a kan dafaffen abinci. Wannan hanya ta fi magani ta wani fanni: ba ka sa wa ƙwaron komai a ciki ba.

Malama Zainab:
Dakta Yakubu, wannan jimlar taka ta ƙarshe ita ce zuciyar maganar, bari in tsaya a kanta. Duk lokacin da ƙwaro ya rame bayan antibayotik, bayani uku ne ke iya yiwuwa: ko rashin bakteriya ne, ko maganin ne ya cutar da shi kai tsaye, ko kuma bai ji daɗin abincin ba ya rage ci.

Tetirasaikilin shi ne misali mafi bayyana. Maitokondiriyar ƙwaro asalinta bakteriya ce, ribosom ɗinta ya yi kama da na bakteriya, maganin yana taɓa ta. An nuna a Drosophila simulans cewa illar tana bin zuriya har tsatso biyu bayan an daina ba da maganin. Shi ya sa masu cire Wolbachia, wata bakteriya da uwa ke gadar wa 'ya'yanta ta ƙwai, ke jiran aƙalla tsatso biyu kafin su auna komai. Kuma Wolbachia ɗin a cikin ƙwayoyin jiki take, ba a ramin hanji ba. A ƙudan ceri, Rhagoletis cerasi, ita ke hana ƙwai ƙyanƙyashewa idan namiji da mace ba su ɗauke da iri ɗaya. Ka ba irin wannan ƙwaro tetirasaikilin, ƙyanƙyasa ta sauya, ka ce hanji ne, ka yi kuskure.

Ku tuna rigimar Bt. A 2006 an wallafa cewa gubar Bacillus thuringiensis, wato Bt, bakteriyar da ake fesawa don kashe tsutsa, ba ta kashe tsutsar Lymantria dispar mai cin ganyen itatuwa sai da taimakon bakteriyar hanji, saboda tsutsotsin da aka ba antibayotik sun tsira. A 2009 wasu suka sake gwaji suka nuna ragowar maganin da ke jikin tsutsa yana iya hana Bt ɗin kanta tsirowa. Maganin da aka sa don a cire bakteriya ɗaya ya kashe wadda ake gwadawa.

Mafita ita ce rukuni na uku, ban da na magani da na kwatance: a ba magani, a dakata kwana ɗaya ko biyu a kan abinci mai tsabta, sannan a mayar da bakteriyar da ake zargi. Idan halin da ya ɓace ya dawo, an kama ta. Haka aka yi da Hypothenemus hampei, ƙwaron da ke huda 'ya'yan kofi, a 2015: haɗin tetirasaikilin da rifamfisin da sitireftomaisin ya sa ya kasa narkar da kafeyin, da aka mayar masa da Pseudomonas fulva ya ci gaba da narkarwa. Haka kuma a 2017 a Sin aka gano wata Citrobacter a hanjin Bactrocera dorsalis da ke farfasa maganin ƙwari tirayikilofon. Da antibayotik juriya ta ragu, da aka ɗura ta a ƙudan da ba shi da juriya sai ya samu. Batun cin abinci kuwa, a sa ɗan launin abinci shuɗi a ruwan sukarin a duba ciki, ko a auna abin da ya ragu a siririn bututu.

Malam Nasiru:
Malama Zainab, ai misalinki na ƙarshe ya dawo da ni kan bakana. In Citrobacter ce ke ba ƙuda juriya, a haɗa gubar da antibayotik a ƙoto ɗaya mana, gubar ta dawo da ƙarfinta.

Malam Bala:
Malam Nasiru, a keji zai yi, a lambu ba zai yi ba, kuma ko zai yi bai kamata ba. A keji ƙuda ba shi da zaɓi, kwana bakwai yana shan adadin da aka auna. A kan bishiya zai lasa sau ɗaya ya tashi. Rana na dukan ɗigon, raɓa na tsarma shi, oksitetirasaikilin cikin 'yan kwanaki hasken rana ke cinye shi. Abin da zai isa hanji bai kai na kisa ba, kuma wannan shi ne ainihin yadda ake koya wa bakteriya bijire wa magani. Dubi sunayen da Dakta Yakubu ya lissafa: Klebsiella, Enterobacter, Citrobacter. Dangin waɗanda ke wahalar da marasa lafiya a asibiti ne, kuma suna musayar ƙwayoyin gadon juriya a tsakaninsu. Ƙuda yana da fiffike.

Ba hasashe ba ne, an ga irinsa a tuffa. Tun shekarun 1950 ake fesa sitireftomaisin a Amurka kan cutar ƙunar fure da Erwinia amylovora ke haddasawa, a kan awo 100 cikin miliyan. A farkon shekarun 1970 juriya ta bayyana a Kalifoniya. Daga baya aka gano hanya biyu: canji a ƙwayar gado ta rpsL, da kuma strA da strB masu tsalle daga wata bakteriya zuwa wata. Aka koma oksitetirasaikilin, sannan kasugamaisin da aka yi wa rajista a 2014. A Filorida ma, bayan cutar korewar lemo da aka gano a 2005, an ba da izinin gaggawa na fesa antibayotik a 2016, daga baya aka koma yi wa kututture allurar oksitetirasaikilin. Duk waɗannan don cutar bishiya ake yi, ba don hanjin ƙwaro ba. Tarayyar Turai kuwa ba ta amince da antibayotik a matsayin maganin feshin amfanin gona ba.

Hajiya Rabi:
Ku ƙara da ƙudan zuma, don shi ne kan fure a daidai lokacin feshin tuffa. Hanjinsa yana da nasa mazauna, irin su Snodgrassella alvi da Gilliamella apicola. A 2017 an ba ƙudajen zuma ma'aikata tetirasaikilin na kwana biyar, bakteriyar hanjinsu ta ragu sosai, da aka mayar da su amya waɗanda suka rayu ba su kai na kwatance ba, kuma Serratia ta fi saurin kashe su. Tun 2012 ma an samu tarin ƙwayoyin gadon juriyar tetirasaikilin a hanjin zuman Amurka, inda aka shafe shekaru ana ba su oksitetirasaikilin. Ƙoto mai zaƙi da antibayotik a ciki, ba ƙudan mangwaro kaɗai zai zo ba.

Malam Nasiru:
Na sauka daga kan ƙoton, Hajiya. Amma ke nan duk wannan ilimi a ɗakin gwaji zai ƙare?

Dakta Hadiza:
A'a. Antibayotik ya nuna mana inda ƙwaron yake da rauni, sai a buga wurin da wani abu daban. Raunin shi ne lokacin miƙa bakteriya daga uwa zuwa ɗa, domin a wasu ƙwari tana fitowa fili.

Halyomorpha halys, ƙwaro mai warin nan da ke lalata tuffa da fiya da fich, shi ne misali mai kyau. Bakteriyarsa Pantoea carbekii tana zaune a wasu ramuka a ƙarshen tsakiyar hanji. Uwar kan jera ƙwai kusan 28 a ƙarƙashin ganye ta shafe su da ita. 'Ya'yan na ƙyanƙyashewa ba sa watsewa, sukan taru a kan ɓawon suna tsotsa. A wanke ƙwan kafin ƙyanƙyasa, da yawansu ba sa kai labari. A Italiya an gwada takin ganye mai jan ƙarfe da zink da sinadarin tsamin lemo a kan ƙwan, kuma mutuwar ƙananan ta ƙaru sosai. Matsalar ita ce isa ƙarƙashin ganye, da dacewa da 'yan kwanakin da ƙwan ke nan.

Malam Bala:
A zaitun ma jan ƙarfe ne, haɗin Bodo. Na kashi ɗaya: salfet na jan ƙarfe kilo 1, jiƙaƙƙen laim, wato farar ƙasa, kilo 1, ruwa lita 100. A narkar da kowanne daban a bokitin roba, ba bokitin ƙarfe ba, sannan a zuba ruwan shuɗin cikin ruwan laim ana motsawa. A tsoma sabuwar ƙusa na minti ɗaya ko biyu. In ta fito da ja a jikinta laim bai isa ba, zai ƙona ganye. A tace, a fesa a ranar. A fesa tun zaitun na ɗanye, kafin ƙuda ya fara huda, a maimaita in ruwan sama mai ƙarfi ya wanke.

Dakta Yakubu:
Da sharaɗi biyu, Malam Bala. Ragin ɓarnar da ake gani ba duka daga kashe bakteriya yake ba, jan ƙarfen yana kuma sa uwar ta ƙi sauka ta huda, kuma a shekarar da ƙuda ya yi yawa shi kaɗai ba ya riƙewa. Na biyu, ba ya ruɓewa, taruwa yake a ƙasa; shi ya sa Tarayyar Turai ta ƙayyade kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai. A tuffa kuma bayan fure ya buɗe yana sa fatar 'ya'yan ta yi kaushi.

Malama Zainab:
Akwai kuma amfani ta ɗaya gefen, wato ƙara bakteriya maimakon ragewa. Masana'antun da ke kiwon mazan Ceratitis miliyoyi, su haska su da radiyeshin su zama juya a sake su, sun lura hasken na rage Klebsiella a hanji, Pseudomonas ta samu wuri. Da aka sa Klebsiella oxytoca a ruwan sukarin da ake ba mazan kafin saki, sun fi saurin samun mata. A Bactrocera dorsalis ma an nuna a 2021 cewa Bacillus da ke ƙarshen hanjin namiji ce ke haɗa sinadaran firazin masu jawo mace.

Umar:
To ke nan ƙudan da zan yi gwaji da shi, na keji zan ɗauka ko na daji?

Dakta Hadiza:
In ƙudan zaitun ne, na daji, daga zaitun da ya kamu. Na keji da ake kiwo a abincin haɗi galibi ya daɗe da rasa Erwinia dacicola, saboda abincin na ɗauke da nifajin ko sodiyam benzowet masu hana ruɓa, wani lokaci har da sitireftomaisin, kuma wasu irin su Providencia da Morganella ne suka maye gurbinta. Kafin ka sayi ko giram ɗaya na magani, karanta jerin abin da ke cikin abincin kejin, sannan ka fasa kan ƙudaje goma ka duba jakar: mai bakteriya fara ce kamar madara, wadda ta rasa ta kuwa garau take kamar ruwa.